Gwiwar Illa da Takardar Asibiti

Na yi shekara talatin da biyar ina koyar da tarihi, kuma abin da na tsira da shi daga dukan littattafan nan bai wuce magana ɗaya ba: duk abin da ɗan Adam ya gina a bayan ƙasa, a kan gwiwa ya gina shi. Ganuwa, rijiya, rumbu, daula, har sujadar da muke fatan ta cece mu gobe, babu mai yiwuwa in wannan ɗan ƙullin ƙashi ya ce yau ba ya lanƙwasawa. Littattafan lakwal, wato makarantar boko, sun cika da sunayen sarakuna da ranakun yaƙi, ba wanda ya ba gwiwa ko rabin shafi. Ni ma ban ba ta ba. Sai da damanar bana ta ja ni ta mai da ni wata damana wadda na yi kusan shekara arba'in ina kewaye ta kamar mai kewaye rami.

Bana ruwa ya sauka Tawa da wuri. Lungunan unguwarmu suka koma tabkuna, kowace tsohuwar taya da kowane gwangwani ya zama ɗakin haihuwar sauro. Ɗiyata Ramatu tela ce, da almakashi take ci. Ta yi kwana uku tana masassara, wasu ƙananan ƙuraje suka feso mata a ƙirji da hannu, masassarar ta sauka, muka ce alhamdu lillahi. Washegari ta kasa riƙe almakashi. Ta kasa ɗaura zane. Na same ta zaune bakin gado tana kallon yatsunta kamar na aro.

Likitar da muka samu yarinya ce da na taɓa kora daga aji saboda surutu, kuma na gode Allah ba ta daina ba. Aka soki yatsan Ramatu, aka ɗiga jini a ɗan abin gwajin palu, wato masassarar sauro. Babu palu. Na miƙe, don a sanina nan magana take ƙarewa. Likita ta jawo kujera ta zauna, ta kama tambaya. Yaushe ya fara, a hankali ko rana ɗaya? Hannu ɗaya ko duka biyu? Gwiwa fa, idon sawu fa? An yi ƙuraje? Ido ya taɓa yin rawaya? Akwai mai irinsa a gida ko a maƙwabta? Ta lallatsa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, tana kallon fuskar Ramatu ba hannun ba. Daga ƙarshe ta tambayi lokacin da ya fi tsanani. Ramatu ta ce da safe, kamar an ɗaure ta da igiya. Sai rana ta yi sama take ɗan sakewa, da la'asar har takan manta.

Likita ta ce abin da take son ji ke nan. Da gaɓa ɗaya ce tak ta kumbura ta yi ja ta yi zafi, da ta ji tsoron mugunya, da yau ɗin nan za ta sa allura ta zuƙo ruwan ciki a duba. Amma gaɓoɓi da yawa, hagu da dama, farat ɗaya, bayan masassara da ƙuraje, ga maƙwabta biyu suna kuka da irinsa: wannan ya fi kama da aikin birus, ƙwayar cutar da madubin asibiti na yau da kullum ba ya gani. Wasu sauro ke kawo su, wasu da ciwon hanta suke tafe, wasu da ƙurajen yara. Na hanta za a gwada a nan. Sauran, in ana son sunansu, sai jini ya tafi Yamai, kuma amsa ba ta sauri. Kafin nan hutu, ruwa, farasitamol, gidan sauro, kada a saya mata kapso a bakin kasuwa. Galibi yakan tafi da kansa cikin makwanni. In ya zarce wata ɗaya da rabi, mu dawo a nemi wani dalili.

Na ce mata, ai na ɗauka tunda gwaji ya ce babu, to babu.

"Mushe," in ji ta, don har yau haka tsofaffin ɗalibaina ke kirana, "abin nan tambaya ɗaya aka yi masa, akwai palu ko babu. Ya ce babu. Ba wanda ya tambaye shi ko tana da lafiya."

Na bar Ramatu a ciki na fita na tsaya gindin wani itacen dogon yaro. Haushi ne ya fitar da ni, irin wanda ba ka da wanda za ka sauke wa, don mutanen da suka cancanta duk sun mutu sai ɗaya, shi ne kuwa ke tsaye gindin itacen.

Ƙauyenmu yana can wajen Bambeye, a gindin wani tudu mai baƙaƙen duwatsu. Mu biyu ne maza a gidanmu, wana Illa da ni. Da aka zo ɗibar yara lakwal, ɗa ɗaya kowane gida, Illa ya riga ya iya riƙe hauya, ni ban iya komai ba, sai aka ba da ni. A lokacin gida yakan ba lakwal ɗan da zai fi saurin haƙura da shi. Illa ya yi noma, ni na yi karatu, kuma duk shekarun da na yi a Tawa hatsin da nake ci gidan mai masaukina daga gonarsa yake zuwa a bayan jaki. A shekarar da nake magana na gama karatun malanta, an ba ni aji na farko, na dawo hutun damana da akwatin ƙarfe, da rediyo, da tabarau wanda idona bai nema ba. Mahaifinmu ya rasu. Illa ne maigida, da matarsa Zali, da ƴaƴa uku. Tsakanina da Zali akwai wasan nan na matar wa da ƙanen miji. Takan ce in an ba ni turmi zan nemi inda ake buɗe shafinsa.

Bazarar ta yi tsawo. Ƙasa ta yi zafin da kaji ke tafiya baki buɗe. Ruwan farko ya zo wata Alhamis da la'asar, da iska mai ɗauke rufin rumbu, kuma ƙamshin ƙasar nan ya tashi wanda har yau in na ji shi sai yawuna ya tsinke. Washegari gari kaf ya fita shuka. Maza gaba da sungumi suna sara, mata da yara baya suna zuba iri suna rufewa da diddige. Ruwa na biyu ya biyo cikin mako, na uku bai yi jinkiri ba. Hatsi ya tsiro, tsofaffi suka ce rabonsu da ganin farkon damana irin wannan tun suna samari. Ciyawa ma haka ta ce.

Amma rumbu ya kai inda sai Zali ta shiga ciki da tsintsiya. Fura ta yi ruwa har kana hango gindin ƙwarya. Tuwo sai a tsallake rana. Tafasa da gasaya ake tsinkowa a dafa da gishiri a cika ciki da su, yara su kwana cikinsu na ƙugi. Yunwar damana ta fi kowace rainin hankali: ko'ina ka duba kore shar, awaki na ƙoshi, kai kana hamma. Kuma a daidai wannan lokaci ne ake neman ƙarfin mutum duka, don noman fari ba ya jira. In ciyawa ta riga ka da kwana goma, ta riga ka har kaka.

Saboda haka muke gayya. Magidanta wajen ashirin ke haɗuwa, Sarkin Noma Maidaji ya tsara wanda za a fara da wanda za a ƙare. Ana sallame asuba makaɗi ya buga ganga, a fita, a jera kafaɗa da kafaɗa a gonar mutum ɗaya, kafin azahar an share ta, matar mai gona ta kawo abin da ta samu. Gobe a koma ta wani. Dokar guda biyu ce, kowa ya san su. Maras lafiya ba a nemansa a layi, har akan tsallake kowa a fara da gonarsa. Wanda kuma aka kama ya yi ƙaryar ciwo, an cire shi a wannan shekara, ya nome tasa shi kaɗai. Gonar Illa babba ce, tana jigawar bayan tudu, shi da bakinsa ya ce a sa shi can ƙarshe. Gona bakwai ya noma wa mutane, kullum shi ne a bakin layi, sauran na binsa suna haki.

A rana ta takwas ya dawo yana rawar ɗari cikin zafin rana. Kwana uku yana masassara. Zali ta ga wasu ƙuraje a bayansa ta ce na zufa ne. Masassara ta sauka. Da asuba ganga ta yi kira, Illa ya yunƙura zai tashi, jiki ya ce a'a. Gwiwa biyu, idon sawu biyu, wuyan hannu, yatsu. Kumburin kaɗan ne, sai ka sa ido. Ba rauni, ba jini, ba amai. Yana cin duk abin da aka ba shi yana neman ƙari. In rana ta yi tsaka sai ya miƙe da sanda, da la'asar ka gan shi ya taka har masallaci, wata rana ma ya manta sandar a gida.

Mutanen ƙauye ba su yi lakwal ba, amma suna da ido. Suka ce wane irin ciwo ne wannan mai zuwa da kiɗan gayya ya tafi da dawowar manoma. Makaɗi ya fara sa habaici a gangarsa, ba suna, kowa na dariya. Wanzami ya zo ya yi masa ƙaho a gwiwa biyu, ya zubar da baƙin jini a ƙasa, ya ce sanyi ne. Liman ya ba shi rubutu. Wata tsohuwa ta ce abin da aka binne wa wani ne ya taka. Na yi musu dariya su duka uku, da Faransanci a zuciyata. Yau in na duba, su ukun nan aƙalla sun yarda mutumin yana ciwo.

Ni fa? Ni a zaure nake kwana, kuma malami mai hutu ba ya tashi sai rana ta shigo ta taɓa masa ƙafa. Sallar asuba ina yinta ina komawa. Kafin in fito tsakar gida Illa ya riga ya zauna a tabarma cikin hantsi, ya miƙe ƙafafu, yana murza yatsu, yana yi mini ba'a. Abin da gari ke gani shi nake gani. Ba zan ce na yarda ƙarya yake yi ba. Ba zan kuma ce ban taɓa tambayar kaina ba.

Da ya kwana goma bai fita ba, Sarkin Noma ya tara mutane a rumfar masallaci. Ra'ayi ya rabu. Shi kansa tsohon ya fi karkata ga Illa. Ya ce ya san shi tun yana goye, bai taɓa ganin ya bar hauya a ƙasa ba. Da na yi shiru, da an yi gardama an gaji, an bi tsoho, jibi an shiga gonar Illa. Sai na miƙe. Na gyara tabarau. Na yi musu lacca a kan cewa zamanin cinta da kintace ya wuce, cewa a Tawa akwai madubin da ke ganin ciwo a cikin ɗigon jini ɗaya, cewa takardar asibiti ba ta san ɗan'uwa ba, ba ta san maƙiyi ba. Na ce a ba ni kwana biyu. Sarkin Noma ya ji an sauke masa kaya. Ya ce shi ke nan, abin da takarda ta ce shi gari ya ce.

Muka ɗora Illa a jaki har bakin hanya, muka hau motar ƴan kasuwa a kan buhunan albasa. Duk ramin da mota ta faɗa sai ya ciji wuyan rigarsa. Wajen rabin hanya ya juyo ya ce mini, "Ɗan lakwal, in madubin bai gani ba fa?"

Na ce masa babu abin da ba ya gani.

Mun isa da hantsi, muka tarar da layi ya zagaye ginin. Mata da jarirai masu zafi kamar garwashi, tsofaffi kwance a ƙasa, ma'aikaci ɗaya tak a kan tebur. Kafin layi ya zo kanmu la'asar ta kusa, wato lokacin da jikin Illa ke sakewa. Da ƙafarsa ya shiga, ba sanda. Ma'aikacin ya ɗago ya ga mai tabarau da baƙauye, sai ya yi wa mai tabarau magana da Faransanci. Masassara? Na ce an yi, ta sauka, yanzu gaɓoɓi yake kuka da su. Ya soki yatsa, ya shafa jini a gilashi, ya ce mu jira. Bai taɓa gwiwar ba. Ban ce ya taɓa ba. Maganar safiya ba ta taso ba, don ni ban sani ba, shi kuwa Illa ba wanda ya tambaye shi da harshen da yake ji. Bayan awa biyu aka miƙo mini takarda da hatimi shuɗi. Ma'aikacin ya ce ba shi da komai, ya sha asfirin. Na yi shekaru ina zagin mutumin nan a zuciyata. Ya fi sauƙi.

Washegari bayan la'asar rumfar masallaci ta cika har waje. Illa na zaune gefe, ya jingina da ginshiƙi. Na buɗe takarda na karanta ta da Faransanci daga sama har hatimi, don su ji daɗin muryata.

"Mun ji," in ji Sarkin Noma. "Mi tac ce?"

"Ta ce babu."

"Babu mi?"

"Babu ciwo a jininsa."

Haka na faɗa, kuma haka na yi imani. Ba wanda ya yi dariya. Sarkin Noma ya ce gobe gayya gonar wane za ta, ya ambaci sunan wani, ba Illa ba. Illa ya dafa ginshiƙi ya tashi a hankali, ya bi ta tsakiyar mutanen da ya noma wa gona bakwai, suna janye ƙafafunsu suna ba shi hanya. Muka koma gida. Ya tambayi ko na ci abinci.

Da asuba, ina komawa shimfiɗa, Zali ta buga ƙyauren zaure da taɓarya. Ba ta gaishe ni ba.

"Mai takarda, taso. Ga wata ka karanta muna."

Na bi ta ɗaki. Illa na kwance a gefe ɗaya, yatsunsa sun ƙanƙame kamar ƙafar kaza da aka yanka. Yana son ya tashi salla. Ya kafa gwiwar hannu, ya yunƙura, wani sauti ya fito masa ta hanci, ya koma. Zali ta shiga ƙarƙashin hammatarsa ta ɗaga shi zaune, ta ɗauko buta ta wanke masa hannu da fuska da ƙafa kamar jariri. Hawaye na bin gemunsa, shi kuwa yana kau da kai don kada in gani. Ta ce haka take yi kwana goma sha uku, taku ashirin daga inda nake minshari. Ta ce ya hana ta faɗa wa kowa, wai kada a ce namiji matarsa ke masa alwala. Wannan ita ce magana mafi tsawo da Zali ta yi mini daga ranar har yau, kuma tana nan da ranta. Wasan da ke tsakaninmu a nan ya mutu.

Ban tsaya sa tabarau ba na tafi gidan Sarkin Noma. Na ce masa na yi kuskure, na gani da idona, ya zo shi ma ya gani. Ya saurare ni har na gama.

"Mushe, kai kac ce takarda ba ta san ɗan'uwa ba. Yanzu ɗan'uwa ya zo yana cewa a bar takarda. In na juya, gobe wa za ya ji maganata?"

Na ce ya zo da asuba kawai. Ya ce da asuba yana gona.

Sai muka shiga gonar mu kaɗai. Ni na ɗauki hauya, kwana biyu tafin hannuna ya yi ruwa ya fashe, kuma rabin abin da nake sarewa hatsi ne. Zali da goyo a baya ta fi ni sau uku, ga daka ga ɗibar ruwa suna jiranta. Illa kuwa sai rana ta take, jiki ya saki, lokacin da duk mai hankali ke neman inuwa, sannan ya hau jaki ya zagaya bayan tudu. Ba ya iya tsayuwa ya sunkuya. A ƙasa yake zama, da ɗan kalme, ya nome abin da hannunsa ya kai, ya ja gindi gaba, ya sake. Yashi na ƙona shi ta cikin wando. Harƙiya ta kai masa kafaɗa, daga nesa hularsa kawai ake gani tana tafiya cikin ciyawa. Ƴan gayya na dawowa suka hango shi. Suka ce, ka gani, ashe yana iyawa.

Ruwa kuwa bai fasa ba. Kowace sauka ciyawa ta ƙara taku, hatsinmu ya yi rawaya ya sirance a ƙarƙashinta. A ƙarshen mako na biyu ba mu ci kashi ɗaya cikin huɗu na gonar ba, kuma inda muka fara ya soma rufewa.

Sai makaɗi ya kwanta. Masassara kwana uku, ƙuraje a baya, sannan yatsu suka ƙi riƙe gula. Bayansa gidan liman, bayansa gidan wanzami, sannan unguwa ɗaya bayan ɗaya, maza da mata. Gari ya koma wani iri. Da safe ba ka jin taɓarya ko ɗaya, don masu daka ba sa iya ɗaga ta. Fura sai bayan azahar. In hantsi ya yi sai ka ga mutane an fito da su an jera jikin katanga kamar ƙadangaru suna jiran rana ta kwance su. Na wuce ƙofar Sarkin Noma na ga ƴaƴansa biyu sun ɗauko shi a tabarma. Da la'asar kuma kowa ya taka zuwa masallaci. Har suna suka ba ciwon, wai ɗan asuba.

Ba wanda aka ce ya kawo takarda. Ba wanda ya zo ƙofar gidanmu ya ce Illa ka yi haƙuri. Abin da na ji ana faɗa a bakin rijiya shi ne, ai Illa ne ya kawo mana shi. Jiya ba shi da ciwo, yau shi ne uban ciwon. Ni abin ya tsallake ni, ko ciwon kai ban yi ba, wataƙila don ni kaɗai ne a garin mai gidan sauro, wanda na zo da shi a akwatin ƙarfe kuma bai taɓa zuwa mini in ba wana ba.

Da mutane suka fara miƙewa, wata safiya aka ji ganga, ɗan makaɗi ke bugawa, kuma ba a faɗi gonar da za a je ba. Layi ya zagaya bayan tudu, rabinsu na ɗingishi. Sarkin Noma na kan jaki. Suka shiga gonar Illa ba kiɗa ba kirari, suka share ta kafin la'asar, wata guda bayan lokacinta. Zali ta ɗauko tulu ta ajiye a bakin gona. Ruwa ne zalla, ko gari ba ta barbaɗa ba, suka sha ba wanda ya ɗaga ido. Illa na zaune gindin wata aduwa. Da suka zo wucewa ya bi su ɗaya ɗaya da suna yana godiya, yana sa musu albarka, har da makaɗin. A duk abin da ya faru a damanar nan, wannan godiyar ce ta fi tsaya mini a rai, kuma har ya rasu ban iya tambayarsa ko da gaske yake ba.

Da muka koma a duba Ramatu, na ba likita wannan labari a taƙaice na tambaye ta ko ciwon ɗaya ne. Ta ce ba ta iya sa wa ciwon shekara arba'in suna ba jini ba majinyaci, amma da an kawo mata shi yau, tambayoyin nan dai za ta yi. Na lissafa su a hanya. Ba su kai goma ba, babu wadda ke buƙatar madubi, ko lantarki, ko Faransanci. Zali na da amsar kowace ɗaya. Ramatu ta koma kan keken ɗinkinta, ko da yake da safe sai ta jiƙa hannu a ruwan ɗumi. Amsar Yamai ba ta zo ba tukuna.

Na sha zama in auna abin da wata gudan nan ya ci wa Illa: dami nawa gonar za ta ba da da an nome ta a kan kari, buhu nawa laccata ta ƙone, loma nawa yara ukun nan suka rage ci saboda ni. Na daɗe ina son in san adadin, don mutum ya san girman abin da zai nemi gafara a kai. Ba shi lissafuwa. Kwana tara bayan gayyar, hatsi na fid da kai, ruwa ya ɗauke bai sake dawowa ba. Gonakin da aka nome a kan lokaci da gonar Illa, duk kara aka yanka.